Zan kai Baba gidan shayi a Japan: Uji ko Kiyoto?

Autar Baba (Osaka): Assalamu alaikum, iyaye da yayye na wannan zaure. Mahaifina zai kawo mini ziyara a farkon watan Mayu, kuma da yake mutum ne da ba ya rabuwa da butar shayi tun daga la'asar har isha'i, ya ce babu abin da yake so in nuna masa kamar inda mutanen ƙasar nan suke shan nasu. Ni kuwa watana takwas a nan, amma iyakar sanina da macca, wato garin koren shayin da ake rubutawa matcha a takardar abinci, shi ne wanda ake haɗawa da madara a kofin roba. Ina neman shawara a kan inda ya dace mu je da abin da za mu ci. Baba yana fama da ciwon gwiwa, kuma ba ya sa abin da yake shakka a bakinsa.

Malamin Kiyoto: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah Ya kawo Baba lafiya. Idan rana ɗaya kuka ware, ku ba garin Uji ita, domin nan ne sunan macca ya kafu. Daga Osaka ku shiga jirgin ƙasa na kamfanin Keihan, ku sauya a Chushojima, ku sauka a tashar Uji, kuma da fitowarku za ku ga shagon shayi na Tsuen a bakin gada, wanda ake danganta kafuwarsa da shekarar 1160. Ku ƙetare kogin zuwa Byodo-in, wurin ibadar mabiya addinin Buddha wanda hotonsa yake jikin kwabon yen 10 na kuɗin Japan, an gina babban zaurensa a 1053. Kusa da shi akwai Taihoan, ɗakin shayin hukumar gari, inda ake yi wa baƙi hidimar shayi ta gargajiya a taƙaice. Ni da shi nake fara kai kowane baƙo, saboda wanda ya fara da kayan zaƙi masu madara ba ya ƙara gane ɗanɗanon shayin kansa a ranar.

Ki gaya wa Baba tun a hanya cewa ba tafasa ganye ake yi a tace ba. Kafin girbi ana lulluɓe gonar makonni uku zuwa huɗu don hana ta rana, shi ya sa ganyen yake yin kore shar kuma ɗacinsa ya sassauta. Sai a turara shi, a busar, a cire jijiyoyinsa, a niƙa a dutsen niƙa wanda a awa guda bai cika wuce giram 40 ba. A gabanku za a zuba kamar giram 2 a ƙwarya ta yumɓu, a ƙara ruwan da zafinsa bai kai tafasa ba, a burge da wani ɗan maburgin gora har kumfa ta rufe samansa. Ganyen gaba ɗaya mutum yake shanyewa. Za a fara kawo ƴar alawa da suke kira wagashi, kuma ita ake cinyewa tukuna, domin babu sukari ko ƙwaya ɗaya a cikin shayin. Idan aka miƙo ƙwaryar, a ɗora ta a tafin hagu, a tallafe da dama, a ɗan juya ta sau biyu don kada a sa baki a fuskarta mai ado.

Abu ɗaya zan ja kunnenki a kai: daga 29 ga Afrilu zuwa 5 ga Mayu hutun ƙasa ne, kuma ko'ina cike yake maƙil. Idan da hali, ku bari sai bayan hutun.

Ɗan Damagaram: Malam, ban ƙi ta taka ba, amma ina ganin ka manta da wane ne baƙon. Dattijon da ya saba da shayin buzaye, na fari mai ɗaci, na biyu madaidaici, na uku mai zaƙi, ana hira ana zuba shi daga sama har ya yi kumfa, idan aka ba shi ƙwarya guda ya shanye a kurɓi uku aka ce an gama, zai waiga ya tambaya ina sauran. Ni da na kai kawuna, abin da ya fi burge shi shi ne ɗakin shayi na Kaboku da ke cikin shagon Ippodo a titin Teramachi na Kiyoto, shagon da aka kafa a 1717. A can ana kawo maka ƴar buta da ganye da ruwan zafi, ma'aikaciya ta nuna maka yadda za ka haɗa da hannunka, kuma ganye ɗaya ana iya zuba masa ruwa sau uku. Kawu ya zaɓi gyokuro, wanda ake jiƙawa da ruwa mai ɗumi kawai, kamar digiri 50 zuwa 60. Kurɓin farko ya yi shiru, sannan ya ce wannan ai romo ne, ba shayi ba. A zubi na biyu ya fara gyaɗa kai.

Malamin Kiyoto: Gaskiyarka, Ɗan Damagaram, kuma babu abin da zai hana su haɗa biyun, tun da daga Uji zuwa tashar Kiyoto a jirgin ƙasa na kamfanin JR bai fi rabin awa ba. Game da gwiwar Baba kuwa, zaman da ake yi a kan tabarmar tatami kusan zaman tahiya ne, sai dai ya fi shi tsawo, kuma ko mu da muka saba ƙafarmu tana mutuwa. Ki nemi tsarin da suke kira ryurei, wanda ake yi a kan kujera da tebur. Ba sabon abu ba ne da aka ƙirƙiro don masu yawon buɗe ido na yanzu, shugaban makarantar shayi ta Urasenke ne ya tsara shi tun 1872 saboda baƙin da suka zo baje kolin Kiyoto. Ki tambaya kafin ku sayi tikiti. Ku kuma sa safa mai tsabta, domin za a cire takalmi, kuma Baba ya yi haƙuri da turare a ranar, saboda ƙamshinsa yana danne na shayin.

Hajiyar Nagoya: Ƴata, maza sun yi ta maganar shayi sun bar wurin da matsalar take. Shayin kansa ganye ne da ruwa, babu abin tuhuma. A abinci da kayan zaƙi ne sai kin buɗe ido.

Wagashi na gargajiya yawanci garin shinkafa ne da sukari da jan wake da aka dafa aka dama, wanda suke kira anko. Kada ki yi mamakin wake da sukari, ni ma na yi shekara ina ƙyamarsa kafin na kama. Kayan zaƙin da suke kira yokan da anmitsu ana daskarar da su da kanten, wanda daga ciyawar teku ake samunsa, saboda haka da sauƙi. Warabi-moci kuma sitaci ne mai santsi da ake barbaɗa wa garin waken soya, yana narkewa a baki, kuma dattawa suna sonsa domin babu wahalar tauna. Inda nake tsayawa in yi tambaya shi ne dogon kofin nan mai hawa-hawa da suke kira pafe, da kek, da duk wani abu mai rawa kamar daskararren romo, domin a wasu ana sa jelatin, kuma a ƙasar nan sau da yawa daga alade yake, a wasu kuma ana ɗiga giya don ƙamshi.

Sai abinci mara nauyi. A Uji za ku ga ca-soba ko'ina, taliya ce koriya da aka cuɗa da garin shayi, ana kawo ta da sanyi a kan faifan gora tare da ƴar miyar tsomawa. To, wannan miyar kusan kullum akwai mirin a cikinta, wato giyar shinkafa mai zaƙi da suke girki da ita. Ni kaina na taɓa cinye faranti guda a wani gida, ina santi, sai da na zo biyan kuɗi na tambaya aka ce akwai, na dawo gida raina a ɓace. Tun daga ranar nake yawo da ƴar takarda da maƙwabciyata ta rubuta mini da Japananci, tana tambayar abu uku: alade, jelatin, giya ko mirin. Ma'aikatansu ba sa jin haushin tambaya, za su shiga ciki su duba su dawo su gaya miki gaskiya. Idan miyar ba ta yiwu ba, ki roƙi gishiri ku ci taliyar da shi, masu sonta ma haka suke yi da gangan. Akwai kuma ocazuke, shinkafa ce da ake kwarara wa shayi ko romon kifi, amma shi ma romon sai an tambaya.

Baban Ƴan Biyu (Tokiyo): Hajiya ta gama magana, Allah Ya saka da alheri. Ni dai zan kare kayan zaƙi, domin Malam ya yi musu kallon raini. Babban shagon Nakamura Tokichi da ke kusa da tashar JR ta Uji, wanda ya faro tun 1854, tsohon gidan ƴan kasuwar shayi ne mai tsakar gida da itatuwa, kuma zama a cikinsa kaɗai ya isa dalilin zuwa. Layi yana da tsawo, saboda haka da isarku ku karɓi lamba, ku tafi yawonku ku dawo. Ki nuna takardar Hajiya kafin ki zaɓa. Idan an fara zafi kuma, ku nemi ƙanƙarar da ake kankarewa kamar auduga a zuba mata ruwan macca da jan wake, sunanta Uji-kintoki.

Gargaɗina a kan koica ne. Macca iri biyu ake haɗawa: usuca mai ruwa-ruwa da kumfa, da koica mai kauri, wanda ake ninka garinsa, a kuma rage ruwansa, har ya zama kamar kunu mai kauri, launinsa kuwa kamar miyar kuka. Na sha shi wata rana da yamma don nuna jarumta, na kwana ina ƙirga silin har asuba. Baba ya fara da usuca kafin azahar, da yamma kuma ku koma hojica, gasasshen shayi mai launin ƙasa-ƙasa wanda bai cika hana barci ba.

Autar Baba (Osaka): Na gode ƙwarai, Allah Ya bar zumunci. Na tsayar da shawara: bayan hutu za mu yi sammako zuwa Uji, mu fara da ɗakin shayi a kan kujera, mu ci abinci da rana, sannan mu ƙarasa Teramachi idan ƙafar Baba ta yarda. Hajiya, don Allah ki turo mini hoton takardar nan. Saura tambaya ɗaya: na san Baba zai so ya sayi tsaraba ga abokan majalisarsa, me ya fi dacewa ya ɗauka, kuma ana ba ma'aikata wani abu bayan an biya kuɗi?

Malamin Kiyoto: Ba a ba da ko sisi a kan farashi, idan kika bari a tebur ma za su biyo ki da shi. Ki dai riƙe tsabar kuɗi, domin ƙananan shaguna ba duka suke karɓar kati ba. Batun tsaraba kuwa, tun ƙarshen 2024 manyan shaguna irin su Ippodo da Marukyu Koyamaen suka taƙaita yawan maccan da mutum ɗaya zai saya saboda ƙarancinsa, don haka kada Baba ya sa ran cika jaka. Kuma gari ne da ba ya son zafi da haske da iska, idan aka buɗe gwangwani a zafin Kano aka bar shi a kan kanta, cikin ƴan makonni zai koɗe ya koma ɗaci zalla. Ya sayi ƙaramin gwangwani ɗaya na giram 20 ko 30 don kansa, da maburgin gora da ƴar rariya, a ajiye garin a firji a rufe ruf. Abokan majalisa kuma ya kai musu ganyen senca, wato koren shayin yau da kullum, ko hojica, wanda butarsu ta gida za ta iya da shi, kuma lokacin zuwanku ya dace da fitowar sabon ganyen bana.