Allon alminiyum a injin zafi: digiri nawa, sakan nawa kuke ba shi?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Na daɗe ina buga riguna da kofuna da tawadar sablimeshan, wato tawadar da zafi ke ɗaukewa daga takardar da aka buga hoto ya shigar da ita jikin kaya, amma allon alminiyum ya gagare ni. Jiya na lalata guda uku a digiri 205 na Selshiyas, sakan 100. Baƙin hoton ya koma ruwan ƙasa, gefuna kuma duk dabbare-dabbare. Abin ya dame ni ƙwarai, don hoton mahaifin wani ne da ya rasu, shi kaɗai ya rage musu. Don Allah kowa ya faɗi abin da ya gani da idonsa.

Tsohon hannu: Wa alaikumus salam ƙanena. Baƙin nan shi ne mai gaya maka gaskiya. In ya koma ruwan ƙasa ka ƙona shi, in ya fito kore-kore ko ya dushe to bai nuna ba. Ni ƙaramin allo ina ba shi digiri 195, sakan 60, da matsi matsakaici. Babba sai na ƙara lokaci, domin ƙarfe sanyi gare shi, da ka rufe inji yake zuƙe zafin farantin sama, za ka ga lamba tana sauka. Amma kada ka kwafi lambata ido rufe. Na taɓa shimfiɗa takardun gwajin zafi a tsakiya da kusurwoyi huɗu, sai na tarar tsakiya ta fi abin da inji ke nunawa, kusurwa ɗaya kuma ba ta kai ba. Watanni na yi ina zargin tawada, ashe ba laifinta ba ne.

Mai buga hotunan bango: Malam, dabbare-dabbaren gefe danshi ne. Riga tana barin tururi ya wuce, ƙarfe kuwa ba shi da ƙofa ko ɗaya, sai tururin ya nemi gefe ya tura tawadar. Ni takarda na fitowa daga firinta ba na gaggawa. Ina ajiye ta ƙarƙashin farantin ba tare da na rufe ba, kamar sakan 15, har ta bushe ƙarau. Na kuma daina rufewa da shimfiɗar Teflon, ledar nan mai jure zafi da abu ba ya manne mata, saboda tana riƙe tururi, farar takarda nake sawa da ƙyallen foliyesta a kai. Tun daga nan ban sake ganin tabon ba.

Sabon shiga: Ni nawa kuskuren ledar da ke fuskar allon ce, ban ma san tana nan ba sai da ta narke. A kuma duba ma'auni, 400 da ake rubutawa a kwali na Farenhait ne, wato kusan 204 a Selshiyas.

Tsohon hannu: Hajiya ta yi gaskiya kan danshi. Sai dai ni kifa allon nake, takarda a ƙasa, zafi ya ratsa ta bayan ƙarfen.

Mai buga hotunan bango: Na gwada hakan Baba, yana kyau, amma sai na ƙara sakanni. Wani abu kuma, Malam: manne takardar da salatif mai jure zafi, ka ɗaga inji a hankali. In ta goce ko kaɗan allon na da zafi, fuska za ta yi inuwa biyu. Sa safar hannu ka cire ta lokaci guda, kada ka taɓa fuskar allon sai ya huce, rufin da aka shafa wa fuskarsa da laushi yake in da zafi. Ka goge ƙura kafin ka ɗora, ƙwaya ɗaya farin ɗigo take bari a kumatun mutum.

Mai tambaya: Allah ya saka da alheri. Na yi gwaji a ƙananan alluna huɗu, na rubuta lamba a bayan kowane. Na busar da takarda, digiri 195 sakan 70 ne ya ba ni baƙi wuluk. Yanzu hoton marigayin yana kan tebur yana hucewa, har zaren aikin hularsa ana gani.