Raini ne ya nutsar da jiragen Ingila ko rashin ƙarfi?

Jikan Ɗan Boma: Jama'a ni dai ina nan kan bakana, raini ne ya ci Turawan Ingila a hannun Japan ba wani abu ba. Ka ɗauki manyan jiragen yaƙi biyu, Prince of Wales da Repulse, ka fita da su daga Singafo ba ko jirgin sama ɗaya da zai yi musu inuwa, ranar 10 ga Disamba 1941 jiragen saman Japan suka taso daga wajen Saigon suka nutsar da su duka biyun kusa da Kuantan, mutum wajen 840 suka tafi har da shi kwamandan jiragen, Admiral Phillips, su kuwa Japan jirage 3 kacal suka rasa. In ba raini ba meye wannan?

Malamin Firamare: Ƙanena a hankali dai. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mutanen nan fa suna fama da Jamus a Atlantika, ga Italiya a Bahar Rum, abin da ya rage musu kenan suka tura. Jirgin dakon jiragen sama ma da aka so ya bi su, Indomitable, ƙasa ya kafe a Jamaika cikin Nuwamba.

Jikan Ɗan Boma: To Malam da ya kafe sai a ce dole a fita?

Hajiyar Gwale: Ni abin da ke ba ni haushi Phillips bai ma kira agaji ta rediyo ba, wai kar a gano inda yake, alhali tuni an gano shi. Kyaftin ɗin Repulse ne ya aika saƙon, jiragen saman yaƙin da aka turo agaji suka iso ana tsintar mutane a ruwa. Kuma ai Turawan Ingila da kansu suka yi wa jiragen ruwan Italiya irin wannan aikin a Taranto a 1940, ba za su ce ba su san abin ba.

Malamin Firamare: Hajiya na Taranto a ɗaure suke a tasha. Kafin ranar nan ba a taɓa nutsar da babban jirgin yaƙi yana cikin gudu a tsakiyar teku da jiragen sama kaɗai ba, kowa a ranar ya koyi karatun.

Oga Kanikawa: Hhhh ku bar ni da abin dariyar, Kongo, babban jirgin yaƙin Japan da ke cikin masu gadin sojojin Japan lokacin da suke sauka Malaya a Ingila aka ƙera shi, kamfanin Vickers, 1913. Yaron shago ne ya buɗe nasa garejin ya kwashe kwastomomin oga.

Jikan Ɗan Boma: Wata huɗu bayan nan ma haka aka maimaita, Afrilu 1942 Nagumo, kwamandan jiragen Japan, ya shigo tekun Indiya ya nutsar da jiragen Ingila Cornwall da Dorsetshire da Hermes kusa da Sri Lanka, Somerville, kwamandan jiragen Ingila a yankin, ya kwashe tsofaffin jiragensa sai Mombasa. Gudu kenan wallahi.

Malamin Firamare: Ja da baya ga rago ba tsoro ba ne. Da ya tsaya da an gama da shi gaba ɗaya, kuma kai ma ka ba ni hujja, mai raini ba ya gudu. A Mayu 1945 ƙananan jiragen Ingila 5 suka ritsa jirgin yaƙin Japan Haguro da dare a mashigin Malaka suka kai shi ƙasa.

Hajiyar Gwale: Bayan Amurka ta karya wa Japan baya a yaƙoƙin ruwa na Midway da Leyte ba. Wannan ai dukan gawa ne Malam.

Malamin Firamare: Shi ne dai maganata tun farko, ƙarfin ne babu.

Jikan Ɗan Boma: Babun ma mai hankali ya san yadda ake tafiya da ita. Kakana cikin runduna ta 81 ta sojojin Afirka ta Yamma aka ɗauke su a jirgin ruwa zuwa Indiya a 1943, ta wannan tekun suka bi, ya ce da dare ko taba ba a bari mutum ya kunna a saman jirgi. Lokacin kam sun daina raina kowa.

Oga Kanikawa: Malam ana kiran salla, ka dawo ka ba shi amsa bayan isha'i.