Kumatu ne lafiyar yaro? Muhawarar da hoton suna ya tayar a zauren zumuncinmu

Bayan sunan da aka yi ranar Asabar, Auta ta saka hoton yaran gida a zauren WhatsApp na zumunci. A hoton, Abba ɗan shekara uku da rabi yana tsaye kusa da Khalifa ɗan shekara tara. Daga nan magana ta tashi.

Goggo (saƙon murya): Salamu alaikum 'ya'yana. Na ga hoto, Allah ya raya mana su. Amma Maman Abba, me ke damun yaron nan ne? Wuya kamar mariƙin lema. Ki dubi Khalifa, tubarkalla, kumatu ɓul-ɓul, kowa ya gan shi ya san ana kula da shi. Ni dai abin da na sani, ƙiba ita ce lafiyar yaro. Ki je kemis a ba ki maganin cin abinci ki ɗura masa, sati biyu za ki ga ya murmure.

Maman Abba: Wa alaikumus salam Goggo, ina wuni. Wallahi lafiyarsa ƙalau. Yana cin tuwo, yana shan kunun gyaɗa, wake kuwa har sai na ce ya isa. Zama ne dai ba ya yi. Daga ya tashi sai gudu a tsakar gida, shi da kaji da akuyar nan.

Goggo (saƙon murya): To ai gudun ne ke cinye abincin. Ki riƙa zaunar da shi wuri ɗaya.

Yaya Babba: Ni ina bayan Goggo. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Khalifa duk abin da ya nema ina saya masa, ban taɓa ƙwange shi ba. Mu da muka tashi muna kallon lemon kwalba sai ranar Sallah, yanzu Allah ya hore, sai in hana ɗana?

Anti Nas: Goggo, Allah ya ƙara girma. Kafin komai ina roƙon arziki a kan maganin nan, kada a saya. Abin da ake kira sha-ka-fashe sau da yawa dexamethasone ne a ciki, ko a haɗa shi da cyproheptadine. Na farkon magani ne mai ƙarfi da likita ke rubutawa don wasu cututtuka na musamman. In aka daɗe ana ba yaro, fuska za ta yi faɗi ta kumbura, a ce ya yi kyau, alhali ruwa da kitse ne suka taru. Yana ɗaga sukarin jini, yana raunana garkuwar jiki, yana iya taƙaita tsawon yaro. Kuma wanda ya daɗe a kansa ba a yanke masa rana ɗaya, sai likita ya riƙa ragewa a hankali. Na biyun kuma barci yake sawa da yunwa. Yaron da ke bin akuya a guje sai ki gan shi a kwance yana gyangyaɗi da rana tsaka.

Goggo (saƙon murya): Ke 'yar nan, ba ku ga abin da muka gani ba. Ɗana na fari, wanda ba ku sani ba, shekarar farin nan na 1973 na yaye shi. Ƙyanda ta kama shi, daga nan ya fara zubewa, kullum ina kallonsa yana ƙarewa kamar ana jan zare a jikinsa. Hannunsa da ɗan yatsana biyu nake zagaye shi. A bayana ya cika, muna kan hanyar asibiti. Tun daga ranar in na ga yaro ba nama a jikinsa gabana faɗuwa yake. Ba don in ci fuskar kowa na yi magana ba.

Baffa: Allah ya jiƙansa, ya sa mai ceto ne. Na tuna shekarar, ina aji uku a firamare, har dussa aka ci a wasu gidaje. Yara ku yi wa Goggonku uzuri, wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu.

Maman Abba: Allah ya jiƙansa Goggo. Wallahi ban taɓa jin labarin nan ba, jikina ya yi sanyi.

Anti Nas: Amin. Goggo, tsoronki yana kan hanya, don tamowa har gobe tana kashe yara a yankinmu, ina ganinsu a wurin aiki. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna yara 37 cikin ɗari 'yan ƙasa da shekara biyar a Najeriya sun tsumbure, a Arewa maso Yamma kuwa 57 cikin ɗari. Inda na rabu da ke shi ne ma'auni. Ido ba ya auna wannan abu. Akwai nau'in tamowa da yaro ke kumbura, kumatu su cika, ƙafa ta cika, uwa tana murna ɗanta ya yi jiki. Sai mu danna bayan ƙafarsa da babban yatsa, mu ƙirga uku, mu ɗaga, wurin ya lotsa ya ƙi tasowa. Wannan yaron ya fi siriri shiga haɗari. Shi ya sa muke da ma'aunin damtse, ɗan tef ɗin nan mai launi uku da ake zagaya wa hannun yaro daga wata shida zuwa shekara biyar. Ƙasa da santimita 11.5 ja ne, sai magani nan take. Daga 12.5 zuwa sama kore ne. Sai kuma katin awo, a ga ko layin nauyinsa yana hawa wata bayan wata. Maman Abba, yaushe rabonki da awo?

Maman Abba: Gaskiya tun da aka gama masa allurar rigakafi ban koma ba.

Anti Nas: To nan kin yi sakaci ƙanwata. Ni ma ba zan ce lafiyarsa ƙalau daga hoto ba. Ki kawo shi a auna.

Auta: Anti ni tambaya gare ni. Wannan surutun ƙiba ba matsalar Turawa ba ce? Su Amurka da Ingila da abinci ya yi musu yawa. Mu da mutane ke neman na yau da ƙyar, a ce ana tsoron yaro ya yi ƙiba?

Baffa: Auta, shekara talatin da ɗaya na yi ina koyarwa. Da, in aka tashi tara, yaro ƙosai yake saya, ko ɗanwake, ko dafaffen rogo da ƙuli, ko gyaɗa. Kafin in yi ritaya abin da nake sharewa a aji ledojin biskit ne da robobin lemo mai kala. Kuma ba 'ya'yan masu kuɗi kaɗai ba, ai kayan zaƙin nan su ne masu araha. Yaro zai cika cikinsa, amma jikinsa bai sami abin gini ba. A aji ɗaya za ka ga tsumburarre, ka ga mai ƙiba, su biyun duk da ruɓaɓɓen haƙori. Ita kanta gwamnatin tarayya ta sa harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemon zaƙi a dokar kuɗi ta 2021. Da matsalar Turawa ce kaɗai ba a kai nan ba.

Yaya Babba: Baffa, gwamnati kuɗin shiga take nema. Kuma lemo ɗaya a rana me zai yi wa yaro?

Anti Nas: Yaya, in akwai roba a kusa da kai ka juya ta ka karanta. Yawancinsu sukarin ya kai giram 10 a kowace mililita 100. Robar 50cl ke nan giram 50 ko fiye, wato kimanin cokalin shayi goma sha biyu. Hukumar Lafiya ta Duniya a 2015 ta ce abin da ya fi ma babban mutum alheri kada ya wuce wajen cokali shida a wuni. Da za ka ga Maman Khalifa tana zuba cokali goma sha biyu a kofin shayinsa ai da kanka za ka riƙe mata hannu. Ga kuma shayin safe da nasa sukarin, ga biskit, ga zoɓon da ake sayarwa a ƙofar makaranta wanda shi ma zaƙinsa har hawa kai yake.

Maman Khalifa: Tun ɗazu ina karantawa, bari in faɗi abin da ke raina ko da Baban Khalifa zai ji haushi. Yaron nan in ya hau benen makarantarsu haki yake kamar ya yi tsere. Yara sun daina sa shi a ƙwallo sai dai gola. Ran nan ya dawo ya shige ɗaki ya ƙi cin abinci, da ƙyar ya gaya mini wani suna da suke kiransa. Sannan bayan wuyansa ya yi baƙi, fatar ta yi kauri. Na sa soso da sabulu na dirje har ya yi kuka, ban ga ya fita ba.

Anti Nas: Ki daina dirzawa, ba dauɗa ba ce. Irin wannan baƙin a wuya ko hammata yakan fito wa mai ƙiba in jiki ya fara ƙin jin sinadarin insulin, wanda ke sarrafa sukari. Ban ce yana da ciwon suga ba, kada hankalinki ya tashi, amma ya kamata likita ya gan shi a gwada jininsa. Kun san Baba da ciwon ya rasu, yana cikin jininmu. Zan kira ki anjima.

Yaya Babba: Ba ki taɓa gaya mini maganar sunan da suke kiransa ba.

Maman Khalifa: Shi ya roƙe ni kada in faɗa.

Yaya Babba: To naji. Amma kafin ku ce ba ya motsa jiki, ku yi mini adalci. Ina zai yi wasan? Filin da muka yi ƙwallo muna yara an yanka shi filoti an gine. Layinmu 'yan Adaidaita Sahu da masu babur kamar za su tashi sama. Ga satar yara. Bakwai da rabi yana makaranta, biyu ya dawo, huɗu Islamiyya, magariba ya shigo. In na ba shi waya aƙalla na san yana ɗaki, idona na kansa. Ita kuma taliyar leda da ake zagi, minti biyar ta dahu. Wake fa? Kun san kuɗin gas kuwa?

Maman Abba: Yaya maganar gas gaskiya ce. Ni jiƙa waken nake tun dare, da safe ba ya jimawa a wuta. Garin kunu kuma sau ɗaya nake yi a wata: gero, waken soya da gyaɗa, a soya sama-sama a kai inji. Damawa bai fi dafa taliya daɗewa ba. In ma taliyar ce, rabin sinadarin ɗanɗanon nake sawa saboda gishiri, in yanka kabeji da karas, in fasa ƙwai.

Goggo (saƙon murya): Ƙwai kuma? Mu da ba ma ba yaro ƙwai, an ce sata yake koya.

Baffa: Goggon yara, wannan kam ba ta da tushe a addini ko a likitanci. Ƙwan ake so ya zama kaza, sai aka tsorata yara. A kan wasa kuma, ɗana, uzurinka na ji shi, amma Islamiyyar Khalifa ba ta kai tafiyar minti goma sha biyar ba, kullum a mota ake kai shi. Ka riƙe hannunsa ku taka, kai ma tumbin nan zai amfana. Tsakar gidanka ta ishi langa, ta ishi 'yar gala-gala da tsallen igiya. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi tsere da Nana A'isha. Shi ne kuma ya koyar da a raba ciki uku, abinci da ruwa da numfashi.

Anti Nas: Sa'a ɗaya a wuni ake nema ga yaro daga shekara biyar zuwa sha bakwai, wasan da zai sa shi gumi, kuma ba dole a jere ba. Irin su Abba 'yan ƙasa da biyar sa'o'i uku ake so suna motsi, kallon waya kada ya wuce sa'a ɗaya. Don haka Goggo, gudun nan nasa kada a hana shi. Roƙona na ƙarshe a kan Khalifa: kada a sa shi yunwa, kada a ware masa kwano daban, kada wani a zauren nan ya tsokane shi. Yaro ne mai girma, yana buƙatar abinci. In za a daina ajiye lemo a firij, a daina wa kowa da kowa, har da maigida. Kwaɗon zogale, alale, fura da nono ba sukari da yawa, gwanda, kankana, kowa ya ci tare da shi.

Yaya Babba: Lemo ranar Juma'a dai ba zan hana shi ba. Sauran kwanakin na yarda. Asibiti kuma ni zan kai shi da kaina.

Auta: Ni ma na daina kawo musu alawa in zan zo. Dabino da aya zan riƙa sayowa.

Goggo (saƙon murya): Ni fa har yanzu yaron nan bai cika mini ido ba. Maganin na janye, tunda kin ce yana da illa. Amma gani ya kori ji. Wace rana kuke awon? Da ni za a je, in ga tef ɗin nan a hannunsa da idona. In ya nuna kore na yi shiru, in bai nuna ba Maman Abba ki haɗa masa kayansa, wata guda zai yi a ɗakina.

Anti Nas: Talata Goggo, ƙarfe tara. Maman Abba ki nemo katinsa tun yau.

Maman Abba: Yana cikin akwati. Goggo za mu biyo ta gidanki takwas da rabi in sha Allah.