Neman shawara: zanen jiragen ruwa da Baba ya bari a adaka, gara ta fara ci

Baban Ummi (Garwa):
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ku yi haƙuri da tsawon rubutu, kwana uku ke nan ban yi barcin kirki ba.

Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, kafinta ne. Daga Yola ya zo Garwa yana saurayi, wai rakiyar ango, ya ga Innarmu a gidan bikin, shi ke nan bai koma ba, har danginsa suka yi fushi da shi shekara da shekaru. Ya samu aiki a tashar jiragen ruwa, zamanin da ake loda auduga da gyaɗa ana gangarawa da su Binuwai zuwa Najeriya. 'Yan watannin damina ne kawai ruwan ke ɗaukar manyan jirage, sauran shekara gyara ake yi. A nan ya haɗu da wani Bafaranshe mai son ƙera wa kansa ɗan jirgin shaƙatawa, irin mai doguwar sanda da ƙyalle wanda iska ke turawa. Sun yi ta fama, jirgin bai taɓa shiga ruwa ba aka mayar da mutumin gida, da zai tafi ya bar wa Baba zanen duka. Bayan an gama madatsar Lagdo a 1982 tashar ta yi sanyi, Baba ya koma Lagdo yana ƙera wa masunta jiragen katako, ya ci gaba da zana nasa a bayan takardar siminti, yana rubuta awon da ajami a wani ɗan littafi.

Bayan arba'in muka buɗe adakarsa. Takarda 46 na ƙirga, a nannaɗe. Wasu shuɗi ne da farin layi, wasu fari-fari masu wari, wasu kuma sirara kamar ɓawon albasa, da ka buɗe sai su tsage. Gara ta ci gefen guda 7. Na riga na kai guda 3 an manne su cikin leda da injin zafi, irin yadda ake yi wa katin shaida, waɗanda suka yage kuma na bi su da salatif.

Yanzu wani ya ce akwai gidan tarihin jiragen ruwa a Faransa da zai karɓa. Yayanmu ya ce a sayar a raba. Ɗakin kuma yana yoyo. Me zan yi?

Maman Sadiƙ (Ngaundare):
Allah ya jiƙan Baba ya sa can ta fi nan. Kafin komai, ɗauke adakar daga ƙasa ka ɗora a kan tebur, ka barbaɗa busasshen ganyen darbejiya da tazargade. Haka kakata ke yi wa littattafan Malam.

Tsohon Malami (Marwa):
Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ɗana, wa ya ce ka kai su injin leda? Na yi shekara 22 ina riƙe da ɗakin littattafai na makarantar sakandare, kuma ina gaya maka waɗancan guda 3 ka gama da su. Zafi da danƙon ledar sun shiga jikin takardar, ba mai raba su kuma ba tare da ta lalace ba. Salatif ma haka: 'yan shekaru kaɗan zai bushe ya faɗi, ya bar maka tabo ruwan ƙasa da ba ya fita. Daga yau ka ɗaure hannunka.

Abin da ke gabanka ba iri ɗaya ba ne, kada ka haɗa su wuri guda. Shuɗin nan mai farin layi kwafi ne da aka fitar da sinadarin ƙarfe da hasken rana, kuma hasken ne maƙiyinsa yanzu, in ka shanya shi zai koɗe. Ba ya kuma shiri da duk abin da ya yi kama da toka ko kanwa ko farar ƙasa, launin sai ya juye. Masu warin nan da sinadarin amoniya aka wanke su, suna fitar da tiririn da ke ɓata maƙwabtansu, ka ware musu wurinsu. Sirarun kuwa su ne takardar da ake ɗorawa a kan zane a kwafa, kuma mai yiwuwa su ne na asali, waɗanda hannu ya zana. Su suka fi daraja, su kuma suka fi saurin mutuwa. Kada ka buɗe su da hunturu, iskar ta bushe, za su kakkarye kamar ƙanzo. In akwai ƙusa ko maƙalin ƙarfe mai tsatsa, zare shi a hankali. Lamba kuma da fensir za ka sa a baya, ban da biro.

Ka duba min: cikin takardun akwai mai layi-layi cike da lambobi, ba zane? Wannan ita ce jadawalin awo, faɗi da tsayin jikin jirgin a kowace gaɓa. Da ita kaɗai gwani zai sake fitar da jirgin ko da sauran sun ɓace.

Baban Ummi (Garwa):
Na gode Baba Malam. Amma a yi min adalci, guda 3 ɗin nan da ban manne su ba da yanzu sun zama gari. Mai shagon ma ya ce min ya yi wa takardun filaye da yawa ba abin da ya same su. Kuma su ne yanzu nake iya nuna wa mutane ba fargaba.

Direban Kusiri:
Malam kai dai ka yi sa'a adakar ta kai hannunka. Mu da tsohonmu ya rasu ina hanyar Kusiri zuwa Marwa da kaya, kafin in iso matar babanmu ta kwashe komai, har takardar gidan. Shekara 6 ke nan muna zarya, yau a ce mai sa hannu ya yi tafiya, gobe a ce fayil ɗin ya ɓace. Wani ofis na kai musu takarda ta asali da hannuna, da na koma suka ce ba su taɓa ganina ba. Shi ya sa in ka ji shawarata kada ka ba kowace hukuma komai, ko ta nan ko ta waje. Abin da ya fita daga hannunka ya fita.

Tsohon Malami (Marwa):
Direba, naka daban ne, Allah ya fid da kai. Gidajen tarihin da ake magana a kansu, adana irin waɗannan takardu shi ne aikinsu. Gidan tarihin jiragen ruwa na Girinic da ke Landan yana riƙe da zanen jirage wajen miliyan 1. A Amurka akwai wani injiniya, Nathanael Herreshoff, wanda ya zana jiragen tseren da suka riƙa kare kofin Amurka, ciki har da Reliance na 1903. Kamfaninsu ya rufe tuntuni, amma zanensu fiye da 13,000 suna gidan tarihin jami'ar MIT, an ɗauki hotonsu an sa a intanet, masu gyaran tsofaffin jiragen suna komawa gare su har yau. A faffaɗar durowa ake shimfiɗa su, cikin ɗaki mai sanyi da ba ya canjawa, danshin iska ƙasa da kashi 50 cikin 100. Kai a Garwa ina za ka samu wannan, watan Afrilu zafi ya haura 40, watan Agusta bango na zufa? In da gaske wani gida zai karɓa, ka bayar, amma da yarjejeniya a rubuce, su kuma ba ka hoton kowace takarda.

Ɗan Kasuwar Jamaina:
Baba Malam da girmanka, amma ban yarda ba. Kullum a kwashe a kai musu, sai jikokinmu su nemi biza kafin su ga aikin kakansu? Mutanen Nso na Kamaru shekara nawa suka yi suna roƙon a dawo musu da Ngonnso, mutum-mutumin uwar da ta kafa masarautarsu, daga Balin ta Jamus, sai 2022 aka amsa musu da baki? Karagar sarkin Bamun ma tana can. Kuma ku lura, zanen Baturen ƙila kwafi ne da ya saya, suna da irinsa a can. Abin da babu irinsa a duniya shi ne littafin ajamin nan da takardun simintin. Wa ya taɓa rubuta awon jiragen Lagdo? Mu nan Chadi muna da labarin jirgin Leon Blot da wani Bafaranshe, Gentil, ya kawo gunduwa-gunduwa ya shiga Tafkin Chadi a 1897, an rubuta shi an ajiye. Amma jiragen Kotoko da ake ɗinke katakonsu da igiya, da na ciyawa da Buduma ke ɗaurewa, masu yinsu suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Tafkin da ya kai murabba'in kilomita 25,000 a 1963 ga yadda ya koma. Kawuna ya bar kamun kifi ya koma noman masara a inda yake jefa taru da.

Baban Ummi (Garwa):
Littafin ajamin ba ya cikin maganar, yana wurin Inna, ba za ta ba kowa ba. Ni ma ban iya karanta shi sosai ba.

Malama (Yagwa):
To ai nan gizo ke saƙar. Wa zai karanta in Inna ta kau, Allah ya ja da ranta? Ka nemi tsofaffin yaran shagon Baba a Lagdo tun suna nan, su gaya maka wane zane ne na wane jirgi, ka naɗi muryarsu a waya. Sannan akwai wani shiri na Ɗakin Karatun Birtaniya, tun 2004 suke ba da tallafi a ɗauki hoton tsofaffin takardun da ke cikin haɗari, kuma sharaɗinsu na asalin ya zauna a ƙasarsa. Sai dai ba sa ba mutum haka kawai, sai an bi ta wata jami'a ko ma'ajiyar takardu. Ka gwada malaman tarihi a Ngaundare ko Marwa. Kafin nan ɗauki hoto da kanka, a inuwa, wayar a saitin tsakiyar takardar, ka ajiye ma'auni a gefe don a san girmanta. Mu ambaliyar 2024 ta koya mana, takardun makarantarmu da ke ƙasan kabad ko ɗaya ba mu fitar ba.

Tsohon Malami (Marwa):
Hoton waya yana karkatar da layi, ba a awon jirgi da shi. Sai na'urar sikan mai faɗi. Maganar darbejiya kuma a bar ta, ganye na jawo danshi ya bar tabo. In akwai ƙwari a ciki, a ɗaure takardun a leda ba iska a sa a firiza mako guda, a fitar a bar su su huce kafin a kwance.

Maman Sadiƙ (Ngaundare):
Firiza mako guda Baba Malam? Da wace wutar? Littattafan kakana dai suna nan har yau da darbejiyarsu.

Liman na Unguwa:
Kuna ta maganar leda da firiza kun tsallake babba. Kayan nan gado ne. Ba naka ba ne kai kaɗai da za ka kyautar, ba kuma na yayanka ba ne da zai sayar. Ku nawa ne? Akwai mata? Akwai ƙanana? A tara magada, a yi musu kuɗi, wanda ke so ya riƙe ya biya sauran, ko kowa ya yafe da bakinsa. Kuma shi wannan "wani" da ya kawo maganar Faransa, wane ne shi, wane gari gidan tarihin yake, ka ga wasiƙa daga wurinsu?

Baban Ummi (Garwa):
Allah gafarta Malam, mu 11 ne, ɗaki biyu. Mutumin amintacce ne, abokin surukin yayanmu ne, yana zuwa can. Sunan wurin ne bai faɗa ba tukuna, ya ce in ba shi guda 5 ya tafi da su a gani, ya kuma ba da jaka 50 na goro. Ban karɓa ba, yayanmu ne ya karɓa. Ni dai ban ga laifin a gwada da guda 5 ba tunda akwai saura da yawa. Baba Malam, na duba, takarda mai lambobin da ka ce tana cikin guda 3 ɗin da na manne, ka ga ashe gara da na yi.

Tsohon Malami (Marwa):
La haula.

Direban Kusiri:
Guda 5 ɗin nan ka yi musu bankwana tun yanzu. Ni ma "a gani" aka ce min.

Baban Ummi (Garwa):
Ranar Asabar zai zo. Na dai ɗora adakar a kan gado na rufe da tamfol. Akwai wanda ya san mai sikan babba a Garwa, da nawa yake yi? Na kusa da kasuwa ya ce nasa bai wuce girman takardar haihuwa ba, sai dai a ninke.