Ruwan zafi a motar shiga daji: abin da direbobi da makanikai suka ce

Masu kwana a daji da Hilux ko Land Cruiser tsakanin Zuru, Yauri da Argungu sun san wuyar alwalar asuba cikin hunturu. A kan haka wasu direbobi da makanikai suka tattauna a Birnin Kebbi, kuma yawancinsu sun karkata ga amfani da zafin inji.

Yadda abin yake: a tsaga tiyon ruwan lagireto a ratsa shi cikin wani ɗan akwatin ƙarfe, ruwan wanka kuma ya bi ta nasa bututun daban, ƙaramin famfo mai aiki da batir yana tura shi. Zafi kaɗai ke tsallakawa, ruwan biyu ba sa haɗuwa. Nan makanikai suka fi ja kunne, domin maganin da ake zuba wa lagireto guba ne. Ruwan inji kuma yakan kai digiri 90, don haka dole a surka ruwan wankan da na sanyi kafin ya taɓa jiki. A ɗaure kowace mahaɗa da kilif mai kyau, don tiyo ɗaya ya zame a daji, inji ya tafi.

Hita mai gas tana da sauri, amma a waje kawai ake kunna ta, hayaƙinta na kisa a rufaffen wuri. Ta lantarki ba ta samu magoya baya ba, batir take shanyewa.

Mai ƙaramin ƙarfi, a ganina, baƙar jarka a rana ta ishe shi wankan yamma. Babban tanki dai a ƙasa ake ɗaure shi, ba kan rufi ba, tunda lita 40 kilo 40 ce.