Wain da fot na Kirsimeti, wanne zan saya kuma yaya zan ajiye su?

Maman Joy, Barnawa:
Jama'a sannunku da sanyi. Dan Allah ina neman shawara, bana surukaina ne za su zo mana Kirsimeti daga Zonkwa har su yi sabuwar shekara, kuma baban maigidana mutum ne mai son jan wain bayan cin abinci, ni kuwa ban da Eva da Chamdor ɗin da muke buɗewa yara ban san komai a kai ba. Sannan ƙanin maigidan ya aiko mana da wata kwalba daga Ingila an rubuta mata Tawny Porto, da lamba 10 babba a jiki, ya ce a ajiye wa Baba. Shin ita ma wain ce ko wani abu daban? Firij ɗinmu ba abin dogaro ba ne don wuta sai ta ga dama, to ina zan sa su kar su lalace kafin ranar, in kuma an buɗe ba a shanye ba kwana nawa suke yi? Ba na son in ji kunya gaban surukai.

Kawu Bulus, Sabon Tasha:
Maman Joy sannu da ƙoƙari, Allah ya ba da ladan zumunci. Na yi aiki a otal shekaru da dama kafin in yi ritaya, bari in fara da waccan kwalbar don ita ce mai daraja. Fot ke nan, wain ce amma ba irin wadda aka saba ba. A Fotugal ake yin ta, inabin daga kwarin kogin Douro yake, sunan kuma daga birnin Porto ne inda ake lodinta a jirgin ruwa, tun 1756 gwamnatinsu ta shata iyakar gonakin da aka yarda a kira abin da suka fitar da wannan suna. Yadda ake yi shi ne ruwan inabin yana cikin tsimuwa, sukarinsa bai gama juyewa ya zama giya ba, sai a zuba masa barasa mai ƙarfi wadda ita ma daga inabi aka tato ta, nan take tsimuwar ta tsaya, shi ya sa za ki ji ta da zaƙi kuma ga ƙarfi. Ki duba jikin kwalbar za ki ga wajen 20%, wain na yau da kullum kuwa 12 zuwa 14 ne, giyar kwalba irin su Star wajen 5. To kin ga ba a cika kofi da ita, kuma zaƙin nan shi ke yaudarar mutane, mutum ya ɗauka kamar zoɓo ne ya yi ta kwankwaɗa sai ya zo tashi ƙafa ta ƙi. Ƙaramin kofi ake zuba ta, kamar rabin kofin shayi ko ma ƙasa da haka, bayan an gama cin abinci, a kawo kek ɗin Kirsimeti ko cincin ko soyayyar gyaɗa ko dabino a gefe. Kwalba ɗaya ta ishi mutum goma har da ragi.

Lamba 10 ɗin nan na nufin ta yi kimanin shekara goma a gangar katako, shi ya sa launinta ya koma ja-ja mai ruwan ƙasa, ɗanɗanonta kuma kamar na gasasshiyar gyaɗa da alewa. Amfanin wannan a gare ki shi ne ta riga ta saba da iska tun tana ganga, in aka buɗe aka mayar da murfin aka sa a wuri mai sanyi za ta kai wata ɗaya ko fiye lafiya lau, Baba zai sha a Kirsimeti ya ƙara a sabuwar shekara. Da a ce Vintage aka rubuta mata da sai na ce a shanye cikin kwana biyu ko uku, kuma waccan tana da baƙin tsaki a gindi sai an tsiyaye ta a hankali, taki ba ta da wannan aikin. Ki ajiye ta a tsaye.

Jan wain na cin abinci kuma, ki tambayi maigida a ɓoye ko Baba mai zaƙi yake so ko marar zaƙi, don nan ne mutane ke asarar kuɗi. Yawancin mutanenmu mai zaƙi suka saba, irin Four Cousins ta Afirka ta Kudu ko Carlo Rossi ta Kalifoniya. In marar zaƙi ne ki nemi wadda aka rubuta Merlot ko Shiraz, suna tafiya da naman akuya da tsire. Amma in farfesun ya ji attarugu sosai mai ɗan zaƙi da sanyi ta fi, marar zaƙin ƙara wa yajin zafi take yi a baki. Kwalbar 75cl kofi biyar zuwa shida take bayarwa, sai ki lissafa manyan da ke sha.

Danladi_Kakuri:
Kawu ya gama magana, ni dai abin da zan ƙara Anti shi ne inda za ki saya. Lokacin biki jabun kaya na yawa wallahi, kar ki sayi wadda aka jera a bakin titi rana na dukanta tun safe ko da kuwa ta gaske ce, zafi ya riga ya dafa ta. Ki shiga babban shago inda suke cikin inuwa, ki duba lambar NAFDAC, ki duba takardar jikin ko a karkace take ko rubutun ya dushe, ki shafa wuyan kwalbar da yatsa, in kika ji danƙo ko kika ga kok ɗin, wato abin da aka toshe bakin kwalbar da shi, ya turo sama kaɗan ki mayar musu, alamar ta sha zafi ke nan. In kuɗin ya yi arha fiye da kima ma ki bar ta.

Maganar ajiya kuma ba sai da firij ba tunda ba a buɗe ba, zafi da hasken rana ne ke kashe ta. Kar ki sa a kicin, kar a saman firij, kar a bar ta a but ɗin mota. Ki samu ɗakin da ya fi sanyi a gidan ki tura ta ƙasan wadrob cikin kwali, mai kok a kwance, ban da fot ɗin da Kawu ya ce a tsaye, mai murfin murɗawa duk yadda kika ga dama. Ranar sha in babu wuta ki jiƙa tawul ki naɗe kwalbar ki ajiye a inuwa inda iskar hunturu ke kaɗawa, busasshiyar iskar nan tana sanyaya ta sosai, ko ki ɗaure ta a leda ki tsoma a randa kamar awa ɗaya. Jan wain ma yana son ɗan sanyi, ba ƙanƙara ba dai. In an buɗe ki mayar da murfin nan da nan ki sa a firij ko kula mai ƙanƙara, kwana uku zuwa biyar ne iyakarta, in babu sanyi kuwa kar ta wuce washegari, ragowar ki jiƙa nama da ita.

Hajiya Ladi, Unguwar Rimi:
Maman Joy barka da shirin biki. Ni musulma ce ba na sha kuma addinina ya hana, amma na taso da maƙwabta kirista, har yau shinkafar Kirsimeti tana shigo mana mu ma naman layya yana zuwa musu, shi ya sa zan roƙe ki abu ɗaya. Kwalaben nan kamarsu ɗaya, wanda bai sani ba ba zai bambance mai giya da marar giya ba, musamman masu kumfar nan. Dan Allah ki ware marasa giyar a tebur daban da kofunansu daban, ki karanta jikin kowacce da idonki kar ki dogara da abin da mai shago ya faɗa, kuma ki faɗa wa baƙo abin da ke ciki kafin ki zuba masa. Haka yara da masu ciki da masu shan maganin suga ko hawan jini, tunda Kawu ya ce fot ɗin ga zaƙi ga ƙarfi. In kika haɗa zoɓo mai citta ta Kachia da kunun aya kin gama da mu.

Maman Joy, Barnawa:
Kai na gode ƙwarai, Allah ya saka. Hajiya maganarki ta shige ni, maƙwabtanmu na dama musulmi ne kuma suna shigowa gaisuwa duk shekara, zan ware musu tebur a baranda. Maigida ya ce Baba mai zaƙi yake so. Kawu saura tambaya ɗaya, wani ƙanin maigidan da zai mayar da su Zonkwa da mota ranar 2 ga wata, in ya ɗan taɓa da rana fa?

Kawu Bulus, Sabon Tasha:
A'a 'yata, wanda zai riƙe sitiyari kar ya taɓa ko kaɗan, hanyar Kachia a ƙarshen shekara cike take da motoci ga hazo na rufe ido. Ki ba shi zoɓon Hajiya, ragowar fot ɗin kuma ki toshe ta da kyau ki naɗe a zani ki sa wa Baba a jakarsa a tsaye, cikin mota kusa da ƙafarsa ba but ba.