JSON ya ƙi komawa ajin da ya dace a C#, ina neman mafita

Assalamu alaikum ƴan uwa. Kwana 3 ke nan abin nan ya hana ni barci.

Ina haɗa wa wasu ƴan kasuwa a nan Damagaram manhajar lissafin kaya da yaren shirye-shirye na C# a kan dandalin .NET 8. Wakilansu a Mirriah da Matameye suna turo bayanai daga wayoyinsu ta JSON (tsarin rubuta bayanai don musaya tsakanin manhajoji), kowane kaya da filin "iri": gero, fata ko dabba. Kowanne da ajinsa (class, wato tsarin bayanansa a cikin manhaja), domin gero da tiya ake auna shi, dabba kuwa da kai ake ƙirga ta. Sai manhaja ta karanta saƙon take sanin ajin da za ta gina.

Na sa JsonPolymorphic da JsonDerivedType na System.Text.Json (mai karanta JSON na .NET), don a zaɓi aji bisa "iri". In "iri" ya zo farko a cikin saƙon, lafiya lau. In ya zo ƙarshe, sai ta ƙi karantawa. Wayoyin wakilan kuma ba zan iya gyara yadda suke turo saƙon ba, domin wanda ya rubuta manhajarsu ya tafi Yamai, ba ya ɗaga waya.

Na san .NET 9 ya kawo AllowOutOfOrderMetadataProperties, wanda ke barin "iri" ya zo a ko'ina cikin saƙon, amma ƙaura zuwa .NET 9 yanzu ba za ta yiwu ba. TypeNameHandling na Newtonsoft (wani mai karanta JSON na daban) kuwa tsoronsa nake, tunda mai turo saƙo zai iya zaɓar ajin da ya ga dama.

In rubuta JsonConverter nawa (mai mayar da JSON zuwa aji), in fara leƙa "iri" da JsonDocument? Ba zai ci ƙwaƙwalwar kwamfuta ba in saƙonni sun yi yawa? Don Allah wanda ya taɓa yi ya taimaka.